Kufan Bariki a Kan Tsofaffin Hanyoyin Kano: Waiwaye Daga Hotoro Zuwa Duwatsun Ningi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu jawo hankalin mahalarta wannan taro zuwa ga wani ɓangare na tarihin ƙasar Kano wanda yake zubewa a gaban idonmu, watau wuraren da sojoji da 'yan sandan Turawan mulkin mallaka suka zauna a kan tsofaffin hanyoyin da suka haɗa birni da ƙasashen duwatsu. Mun zaɓi mu tsaya a Hotoro da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi mu yi wannan waiwaye, domin ta nan ne manyan hanyoyi biyu suke fita daga Kano, hanyar Zariya wadda ta ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ta nufi kudu, da hanyar Maiduguri wadda ta ratsa Hotoro ta bi ta Wudil da Birnin Kudu, inda ake ratsewa zuwa Ningi. Za mu duba yadda waɗannan sassa suke kafin zuwan Turawa, da yadda aka ci ƙasar, da irin gine-ginen da aka kafa don riƙe ta, sa'an nan mu kawo abin da muke ganin ya kamata a yi.

2.0 Hanya da ribaɗi kafin 1903

Tsaron hanya da soja ba Bature ne ya fara shi a ƙasar Kano ba. Tun bayan jihadi sarakunan Fulani suka riƙa kafa ribaɗi, watau gari mai ganuwa wanda ake zaunar da mayaƙa a ciki don tare abokan gaba. Fanisau, wadda take gindin dutse a arewa da birni, ita ce sansanin Sarki Ibrahim Dabo a yaƙinsa da Ɗantunku, kuma can Bature Clapperton ya je ya gaishe shi a 1824.

Ta fuskar kudu maso gabas kuwa, babbar barazana daga Ningi take. Wajen shekarar 1846 Malam Hamza ya tashi daga Tsakuwa da jama'arsa saboda saɓani a kan kuɗin ƙasa, ya shiga duwatsun Ningi, ya haɗa kai da mutanen da ya tarar a can, kamar Butawa da Warjawa da Fa'awa, waɗanda duwatsun suka daɗe suna kāre su daga hare-haren masu dawaki. Daga nan har ƙarshen ƙarni na 19 Ningawa ba su daina kai hari a kudancin Kano ba, shi ya sa garuruwa irin su Rano da Takai da Birnin Kudu da Gwaram suka zama garkuwar birni. Wannan ya nuna mana cewa da Turawa suka zo, sun tarar da hanyoyi sanannu, da zango-zango na fatake, da garuruwan tsaro, kuma a kan wannan shimfiɗa suka ɗora nasu tsarin.

3.0 Yaƙin 1903 da wuraren da ya bar alama

Rundunar da ta ci Kano reshe ce ta sojan da Lugga ya haɗa tun daga 1897 don riƙe ƙasashen Ingila na Afirka ta Yamma. Hafsoshinta Turawa ne, amma kurata da kofur-kofur da saje-saje 'yan ƙasa ne, kuma Hausa ce harshen ba da umarni. A ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da soja fiye da 700, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. A ranar 1 ga Fabrairu suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, Sarkin Bebeji ya rasu a wurin. A ranar 3 ga Fabrairu suka iso badalar Kano, suka gwada Ƙofar Dukawuya ba su sami shiga ba, suka zaga suka fasa ta wajen Ƙofar Kabuga. Sarki Alu yana Sakkwato a lokacin, kuma Sarkin Shanu, ɗaya daga cikin waɗanda aka bar wa tsaron gari, ya mutu yana kāre fada.

Gwabzawar da ta yanke hukunci a gindin dutse aka yi ta. A ƙarshen watan Fabrairu mayaƙan Kano masu dawowa daga Sakkwato suka yi karo da sojan Turawa a Kwatarkwashi, a cikin Jihar Zamfara ta yanzu, inda Waziri Ahmadu ya yi shahada. Aka naɗa Abbas sarauta a watan Afrilu, aka kai Sarki Alu Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli. Kuma daga Kano ne rundunar da ta ci Haɗeja ta tashi a watan Afrilu 1906, inda Sarki Muhammadu ya rasu da makami a hannu. Masana irin su Muffett da Adeleye da Adamu Fika sun yi bayanin waɗannan yaƙe-yaƙe filla-filla a littattafansu, sai dai hankalinsu ya fi karkata ga takardu da siyasa. Filayen da abin ya auku, da zangon da runduna ta kwana, su ne muke kira a waiwaya.

4.0 Bariki iri uku

Bayan cin ƙasa, Turawa sun kafa wuraren zama iri uku, kuma Bahaushe ya haɗa su duka ya kira su bariki.

Na farko shi ne mazaunin soja da hukuma a hedkwata. Bayan ɗan zaman da suka yi a cikin birni, inda suka yi amfani da Gidan Makama, Turawa sun fita bayan badala ta gabas, suka zauna a Nassarawa da Bompai. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai wannan sashe ya ƙara ƙarfi, aka shata Sabon Gari, kuma dokar garuruwa ta 1917 ta tanadi fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Ke nan ƙauyukan Tarauni da Hotoro da Gyaɗi-Gyaɗi, waɗanda a lokacin gonaki ne da 'yan gidaje, sun wayi gari suna maƙwabtaka da mazaunin sabuwar hukuma.

Na biyu shi ne na 'yan sanda da gidajen yari. An kafa rundunar 'yan sandan gwamnati ta Arewa a 1903, aka haɗe ta da ta Kudu a 1930. A gefe guda kuma akwai dogaran Sarki, waɗanda daga cikin shekarun 1920 aka fara tsara wani sashe na aikinsu ya zama na 'yan gadi da 'yan doka a ƙarƙashin En'e. Talaka a ƙauye ya fi ganin dogari da ɗan doka bisa ga ɗan sandan gwamnati, domin su ne suke bin hakimi wajen haraji da jangali da kamun mai laifi. An narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya bayan juyin mulkin 1966. Gidan yari na Kurmawa, wanda aka gina a 1910 kusa da fada, da na Goron Dutse wanda ya biyo baya a shekarun 1930, shaidu ne na wannan tsari.

Na uku, wanda ya fi yawa kuma ya fi saurin ɓacewa, shi ne barikin rangadi. A kusan kowace hedkwatar gunduma, da manyan zangunan hanya, akwai gidan saukar Di'o ko Razdan ko hafsan soja, galibi a kan tudu a bayan gari. Da ƙasa da ciyawa aka gina mafi yawansu, kuma talakawa ne suka gina su, kamar yadda dokar hanyoyi ta 1903 ta ba da ikon a tilasta musu gyaran hanya. Su ne kuma suke kawo itace da ruwa da ƙwai da kaji, su ba da 'yan ɗaukar kaya zuwa zango na gaba. A ƙasashen duwatsu irin su Ningi, inda doki ba ya hawa kuma mutane ba su saba da biyan haraji ba, irin wannan rangadi yakan zo da rakiyar soja, kuma hukuma ta riƙa matsa wa mazauna kan dutse su sauko fili inda za a iya ƙidaya su. Don haka kufan da ke kan dutse da kufan bariki da ke gindinsa labari ɗaya suke ba mu, bai kamata a nazarci ɗaya a bar ɗaya ba.

5.0 Abin da ya rage

Ginin ƙasa ba ya jure damina in babu yaɓe, shi ya sa abin da ya rage kaɗan ne. Gidan Makama ya zama gidan tarihi, kuma a cikinsa aka ajiye ƙyauren Ƙofar Kabuga. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, yana nan tsaye. A wajen Kano akwai kufan Zungeru, hedkwatar Arewa daga 1902, da gidan hutawar Lugga a kan dutsen Patti a Lakwaja. A Jamhuriyar Nijar akwai sansanin da Faransawa suka gina a kan dutse a Damagaram bayan sun ci garin a 1899, suka sa masa sunan Kyaftin Cazemajou wanda aka kashe a can a 1898.

A nan dole mu yi gargaɗi a kan kuskuren ɗora wa zamanin Turawa duk wani bariki da muka gani. Barikin 'yan sandan kwantar da tarzoma da ke Hotoro na rundunar da aka kafa bayan samun 'yancin kai ne. Haka kuma sunan Barikin Bukavu ya samo asali ne daga aikin da sojan Nijeriya suka yi a Kwango daga 1960. Amma zaɓen bakin babbar hanya a bayan gari don zaunar da masu bindiga, wannan gado ne daga tsarin da muka bayyana a sama.

Har ila yau, akwai kufan da ba a ganinsa da ido, watau na harshe. Kalmomin soja, da hafsa, da samanja, da fareti, duk daga wancan zamani suke. Ita kanta kalmar bariki ta tashi daga sunan gini ta zama sunan ɗabi'a, har muna cewa ɗan bariki da barikanci idan muna nufin wanda ya fita daga tarbiyyar gida. Wannan ma'ana ta adana mana hukuncin da kakanninmu suka yanke wa wurin da mazaunansa.

6.0 Kammalawa

Wani zai ce mene ne amfanin adana wurin da aka wulaƙanta iyayenmu. Amsarmu ita ce, hannun iyayenmu ne ya kwaɓa ƙasar, kansu ne ya ɗauki kayan, kuma wurin shi ne hujjarmu idan aka zo ana musun abin da aka yi. Birni ya riga ya haɗiye Hotoro da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, gonaki sun zama filoti, mararraba ta zama gadar sama. Idan har Ƙofar Na'isa, wadda take cikin jerin kayan tarihin ƙasa, an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi kafin a sake gina ta da siminti, to ina ga kangon bariki a bayan ƙauye?

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, sassan tarihi na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello su tura ɗalibai su bi hanyar Bebeji da hanyar Wudil zuwa Ningi zango-zango, su auna kowane kufai, su ɗauki hotonsa, su gwada da rahotannin rangadi da ke gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Ta biyu, a ɗauki maganar dattawa, domin waɗanda suka ga 1903 sun shuɗe, amma akwai sauran waɗanda suka ga Di'o da ɗan doka da idonsu kafin 1960, kuma kullum raguwa suke yi. Ta uku, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa wannan nauyi, ta haɗa kai da masarautu a killace wuraren da aka tabbatar, a kafa allo da Hausa, da boko da ajami, mai ɗauke da sunan garin da ya yi aikin ginin tare da sunan wanda ya sa aka yi. Muna fatan tattaunawar da za ta biyo bayan wannan takarda za ta fitar da waɗanda za su fara wannan aiki tun daga rani mai zuwa.