Yadda ake gyara rubutun da ya yanke a akwatunan Excel

Malaman makaranta, sakatarorin ƙungiyoyi da 'yan kasuwa masu tsara sunaye ko lissafi a Excel sukan ga suna ya fito rabi, ko kuma alamar ##### ta tsaya a gurbin kuɗi. Galibi bayanin yana nan, akwatin ne ya yi masa kaɗan. Amma idan aka buga takardar a haka, ɗalibi na iya rasa cikakken sunansa a jerin jarrabawa, ko a kasa karanta adadin da ake bin mutum.

Abin da ke jawo matsalar

Idan rubutu ya fi akwatinsa tsawo, Excel yakan bar shi ya zarce cikin akwatin da ke dama muddin babu komai a ciki. Da zarar an rubuta wani abu a can, sai ragowar ta ɓuya. Lambobi da kwanan wata ba sa zarcewa, shi ya sa ##### ke bayyana. Don tabbatar da cewa bayanin bai ɓata ba, a danna akwatin, a duba dogon layin da ke saman shafi, wanda ake kira barre de formule a kwamfutocin Faransanci.

Hanyoyin gyara

1. Faɗaɗa layin tsaye. A kai linzami kan iyakar dama ta harafin layin, misali tsakanin B da C, a danna sau biyu. Layin zai buɗe daidai da rubutu mafi tsawo da ke cikinsa.

2. Naɗe rubutu. A sashen Accueil a zaɓi Renvoyer à la ligne automatiquement, wato Wrap Text a na Ingilishi. Rubutun zai sauko layi-layi a akwati ɗaya. Wannan ya fi dacewa da adireshi ko dogon bayani.

3. Karya layi da hannu. A inda ake so rubutu ya sauko, a danna Alt tare da Entrée. A LibreOffice Calc kuwa Ctrl da Entrée ake dannawa.

4. Rage girman haruffa. A danna Ctrl da 1, a shiga Alignement, a zaɓi Ajuster. Sai dai dogon rubutu yakan ƙanƙance har ya gagari karatu.

Idan an naɗe rubutu amma ƙasansa bai fito ba, wataƙila an taɓa saita tsayin layin kwance da hannu. A danna sau biyu a iyakar ƙasa ta lambar layin. Akwatunan da aka haɗe ba sa buɗewa da kansu, dole a ja tsayinsu da hannu.

Inda ake asarar bayani da gaske

Dogayen lambobi su ne abin hattara. Lamba mai adadi 12 ko fiye takan sauya kama. Lambar wayar Kamaru da aka fara da 237 za ta fito kamar 2,37E+11. Lambar Najeriya da ta fara da sifili kuwa, sifilin faɗuwa yake yi. Mafi muni, Excel ba ya riƙe fiye da adadi 15: duk abin da ya biyo baya yakan koma sifili, kuma faɗaɗa akwati ba zai dawo da shi ba.

Maganin shi ne a mayar da layin zuwa tsarin Texte kafin a fara shigar da lambobin waya, na asusun banki ko na katin shaida, ko a sa alamar ' a gaban kowace lamba. Idan an riga an shigar sun lalace, sai an koma ga takardar asali an sake rubutawa.

Kafin bugawa, a danna Ctrl da P a duba yadda shafin zai fito, domin wani lokaci abin da ya cika daidai a allo yakan yanke a takarda.