Rawaya da Ruwan Ɗorawa: Tarihin Wani Launi a Gidajen Ƙasar Zungur

Idan aka ambaci Zungur a zauren ɗaliban Hausa, Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, shi ke fara faɗowa a rai. Ba kasafai ake tuna cewa Zungur ƙasa ce mai gonaki da duwatsu a kudancin birnin Bauchi ba, wadda a yau take mazaɓa ɗaya da Liman Katagum a Ƙaramar Hukumar Bauchi. Wannan maƙala ba ta shafi siyasa ko waƙa ba. Launi ɗaya tak za mu bi sawunsa, daga dajin wannan yanki zuwa ɗakin amarya, daga nan zuwa gwangwanin fenti, don mu ga abin da ya canza a cikin shekaru ɗari biyu.

Bahaushe bai raɗa wa wannan launi suna na kansa ba. Yana da fari da baƙi da ja, yana da shuɗi da kore, amma da ya zo kan wannan sai ya ara daga tsiro, ya ce rawaya, ko ya ce ruwan ɗorawa. Wani lokaci ma ya ce ruwan ƙwai. Wannan aro shi ne shaidar tarihi ta farko da muke da ita, domin yana nuna mana inda kakanninmu suka fara ganin launin, da abin da suke samo shi daga gare shi.

Rawaya ɗan tsiro ne na daji mai kaurin saiwa. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya kawo shi da sunan da masana ke kiran sa, wato Cochlospermum tinctorium. Halinsa abin lura ne. Da damina ganye kawai yake yi, ba wanda zai kula shi. Sai rani ya yi, an sa wa daji wuta, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da toka, sa'an nan furanninsa manya masu kunnuwa biyar su ɓullo dab da ƙasa, babu ganye ko ɗaya tare da su. Duk wanda ya taɓa ratsa ƙonannen daji a lokacin hunturu ya san wannan gani. Akwai ɗan'uwansa mai tsayi, wanda kan kai tsawon mutum, shi kuma yana fure ne wajen ƙarshen damina. Saiwar ake haƙa, a feƙe, a daka, a shanya; garin da aka samu shi ne rini, shi ake zubawa a miya ya ba ta launi inda manja ya yi wuya, shi kuma masu magani ke jiƙawa don ciwon shawara. Tsiro ɗaya ke nan ya shiga marina da madafa da zauren mai magani.

Ɗorawa kuwa labarinta ya fi faɗi, don ita itaciyar gona ce, ba a sare ta idan ana sharar gona, kuma a wurare da yawa akan san mai ita ko da gonar ta koma hannun wani. Garin da ke lulluɓe da kalwa a cikin kwanso shi ya ba mu sunan launin. Turawa kuwa a 1826 suka laƙaba wa jinsin itaciyar sunan Mungo Park, matafiyin da ya halaka a Busa a 1806, suka ce Parkia. To, ga wani abin mamaki: itaciyar da ta ba mu sunan wannan launi, in ta zo jikin gini ba shi take bayarwa ba. Ɓawon kwansonta ake jiƙawa a sami makuba, makuba kuwa duhu take yi, ja-ja mai sirkin baƙi. Da ita mata ke yayyafa ƙasa ranar daɓe, suna duka da madaɓi suna waƙa, har daɓen ya yi tauri ya yi sheƙi. Da ita ake shafe katanga don ta jure ruwan sama. Garin kuwa ciki yake tafiya, yara su sha, a dama da shi lokacin bazara sa'ad da rumbu ya fara sauka.

Wannan ya kai mu ga tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa, duk da yalwar waɗannan tsirrai, rawaya bai hau bangon tsohon gidan Bahaushe ba sai kaɗan? Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu, ya kafa birnin Bauchi a 1809, aka kewaye shi da ganuwa, magina suka sami aiki. A cikin wannan ƙarni ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, ya bar aikinsa a ƙasar Bauchi, har da Gidan Madaki na Kafin Madaki da aka mayar abin tarihi na ƙasa a 1956. Wanda ya shiga irin waɗannan soraye zai ga adonsu a bakan gizo yake, da tudu da kwarin zanen da aka fitar a jikin yumɓu. Launukan bango kuwa na ƙasa ne: jar ƙasa, farar ƙasa, toka-tokar katsi da ake kwasowa daga karofi a yi laso, da duhun makuba. Dalili a fili yake. Rinin saiwa ba ya jimirin rana. Abin da aka rina da rawaya ko gangamau, in ya sha rana ya sha wanki, kodewa yake yi, ba kamar baba ba wanda ke kama zare ya zauna. Magini ba zai sa wa bangon da zai shekara hamsin abin da ba zai shekara ɗaya ba.

Saboda haka rawaya ya koma cikin ɗaki, ya zama launin inuwa, ya zama kuma, galibi, launin mata. A nan ne muke ganin ya kamata masu nazarin al'ada su ƙara tsayawa, domin an yi rubutu mai yawa a kan babbar riga da rawani, an bar ɗakin mace a baya. Kabar da ake saƙa tabarma da faifai da ita akan rina ta kashi uku: ja daga karan dafi, baƙi, da rawaya, idan an tsoma abin da ya sha rawaya a baba kuma sai a sami kore. Dukawa su ma gangamau suke amfani da shi wajen rina fata, su yi titimi da zanen matashin kai. Ƙwarya kuwa da launinta take zuwa daga gona, sai dai a kankare, a goge, a jera. A saman jere kuma tasoshi ne na farin ƙarfe da tagulla, waɗanda maƙeran Bida suka shahara da su, ana goge su da toka da tsamiya har su riƙa ɗaukar ido. Idan aka kunna fitilar mai da dare a ɗakin amarya, bango ja ne mai duhu, daɓe baƙi-baƙi, hasken ɗakin duk daga jere yake fitowa. Mace ba ta fenta bango ba, amma ta rufe shi da abin da ya fi fenti tsada, wanda kuma dukiyarta ce, tana iya sayarwa ran da ta shiga matsi.

Akwai wuri ɗaya da namiji ya riƙe wannan launi da daraja, shi ne rubutu. A Alƙur'anin hannu irin na Barno da ƙasar Hausa, baƙi ake rubuta harafi da shi, ja a yi wasali, hamza kuwa ɗigo ne na rawaya. Haka allon zayyana da ake yi wa mai sauka, wanda kan ƙare a rataye a bango. Malamai sun san cewa saniyar da aka ambata a Suratul Baƙara wannan launi gare ta, sun kuma san maganganun malaman fiƙihu a kan sa tufa mai irin wannan rini ga maza. Ba mu ce wannan ne kaɗai ya sa attajiri da basarake suka fi son fari da shuɗi ba. Kodewar rinin ma ta isa dalili.

Canji ya faro ne daga nesa. A 1856 wani saurayi a Ingila, William Perkin, ya fitar da rini daga kwaltar gawayin ƙasa, masana'antun Jamus suka ɗauki sana'ar, kafin ƙarshen ƙarnin har baba sun iya haɗawa. Turawa suka ci Bauchi a 1902, kantuna suka biyo baya, galura ta shigo kasuwa a ƙulle-ƙulle. Mai saƙar tabarma ta ga ba sai ta aika daji an haƙo saiwa ba, ga kuma launi mai ƙarfi wanda bai saurin kodewa. Ba za mu zarge ta ba. Kwanonin langa masu furanni suka ture ƙwarya da tasa daga jere, daga baya samira da tangaran suka ture langa. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, siminti da kwanon rufi suka yi sauƙin samu, da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976 kuwa sai gini ya barke ta kowace kusurwa. Bangon siminti ba ya shan makuba, fenti yake so. A nan ne rawaya ya fito daga ɗaki ya hau bango a rana: azuzuwan firamare, asibitoci, gidajen ma'aikata, sama ruwan ƙwai ƙasa mai duhu, kamar an yi musu anko.

Sai dai wannan rawayan ba na saiwa ba ne, kuma ya zo da nasa sharrin. Tun farkon ƙarni na 19 masu fenti a Turai suka gano cewa haɗin dalma da sinadarin kuromiyam yana ba da rawaya mai haske da araha. Binciken da aka yi a kan fentin mai na kasuwar Ibadan, aka buga a 2007, ya nuna kusan dukkansu suna ɗauke da dalma fiye da ƙima, rawaya kuma shi ne kan gaba. Fentin kan tsufa ya ɓare, ya zama ƙura a daɓe, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, ba ta kuma fita da sauƙi. Mu da muka ga abin da ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito, bai kamata mu ɗauki wannan wasa ba. Kakarmu da ta rina tabarma da abin da take zubawa a miya ba ta da wannan fargaba.

Haka abin yake ta fuskar shuke-shuke. Gidan gargajiya bai san shuka don kallo kawai ba. Abin da ke tsakar gida ko dai a ci, ko a sha inuwa, ko a yi magani: zogale, lalle, lemun tsami, kabewa a kan danga. Amma kewayen gari cike yake da fure mai ruwan ɗorawa wanda ba wanda ya shuka. Tafasa da rai-ɗore suna yi a juji da bakin hanya, bagaruwa tana zuba 'yan dunƙule-dunƙulenta masu ƙamshi, marga kuwa in bazara ta gabato sai ta saki furanni reto-reto kafin ganye ya rufe ta. Ma'aikatan gandun daji na zamanin Turawa suka kawo kasiya daga kudu maso gabashin Asiya don itacen girki da inuwar titi, ta bazu daga Bariki zuwa makarantu. Daga baya aka kawo wani ɗan itace mai siririn ganye da fure kamar ƙararrawa, wanda masana ke kira Thevetia, asalinsa daga yankin Meziko. Ana son sa a shinge don awaki ba sa cin sa, ba ya kuma neman ruwa. Abin da ya hana akuya cin sa shi ne dafi. Ƙwallonsa yana tsayar da zuciya, ga shi muna dasa shi a ƙofar aji. Marga da ke bayan gari, wadda ta fi shi kyau nesa ba kusa ba, da wuya ka same ta wurin masu sayar da dashe a bakin titi.

Masu sayar da dashen nan sukan jera wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu, wanda ba ya fure ba ya 'ya'ya, sai ɗan gari a bayan ganye da yake yaɗuwa da shi. Turawan Ingila sun taɓa haukacewa a kan irinsa a tsakiyar ƙarni na 19, har marubuci Charles Kingsley ya raɗa wa wannan hauka suna a 1855, suna ajiye shi a akwatin gilashi a falo. A wurinmu tsiron kurmi ne da tsagar dutse, inda laima ke daɗewa. A tsaunukan ƙasar Bauchi yakan tsiro da damina, in hunturu ya busa ya ƙanƙance. Bahaushe bai san shi a matsayin ado ba. Abin da Dalziel ya tarar a wurin masu magani shi ne agugu, saiwar wani daga cikin danginsa, wadda ake sha don fitar da tsila. Wanda ya saye shi a tukunya yau ya kai baranda, sai ya yi ta ɗawainiyar ruwa daga Nuwamba har Afrilu, a garin da ake sayen ruwa a jarka. Shi ya sa da yawa suka haƙura suka koma ga na roba da ake kawowa daga Sin.

A can ƙasar Zungur kuwa gari yana ta matsowa. Gonar da aka yanka filoti ba ta barin ɗorawa a tsaye, masu gawayi ma ba su bar ta ba, ga shi dashenta kan ɗauki shekaru kafin ya fara 'ya'ya. Rawaya shi ma saiwarsa ake nema, in an haƙe ta duka tsiron ya tafi ke nan. Har yanzu akan ga garinsa a faifan masu kayan miya da masu magani a Wunti da Muda Lawal, kuma mai sayarwa zai iya gaya wa ɗalibin da ya tambaya daga wane daji aka haƙo shi, da nisan da masu haƙar ke yi yanzu kafin su same shi.