Maganin Zazzaɓin Da Ya Koma Maganin Zuciya



Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu sama, biyu ƙasa. Akwai ciwon da ke sa na saman su daina bugawa daidai, sai karkarwa kawai. Jini sai ya kwanta ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, mutum ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki.

To, maganin wannan ciwo fa wurin mara lafiya likita ya koya. A 1912 wani ɗan kasuwa ɗan ƙasar Holan ya je wajen likita Karel Wenckebach. Ya ce shi idan bugun zuciyarsa ya rikice, kwinin yake sha, wannan dai na zazzaɓin cizon sauro, sai ya daidaita. Likita bai yarda ba. Washegari mutumin ya dawo, aka duba, bugu ya koma daidai. Wenckebach ya rubuta labarin a 1914. A 1918 kuma Walter Frey ya gwada dangin kwinin, ya gano kwinidin ya fi aiki.

An daɗe ana bayar da kwinidin, amma akwai matsala. Magani ba ya tsayawa a ɗakunan sama, har na ƙasa yake taɓawa, su kuwa su ke tura jini huhu da sauran jiki. A 1964 likitoci suka bayyana yadda wasu masu shan sa ke suma kwatsam. A 1990 aka tattara sakamakon gwaje-gwaje shida: kwinidin na riƙe bugu daidai, amma mutuwa ta ninka kusan sau uku a cikin masu shan sa. Garin neman gira aka rasa ido kenan.

Shi ya sa masu bincike suka koma neman maganin da zai fi ƙarfi a ɗakunan sama. Vernakalant na cikinsu. Turai ta amince da shi a 2010, Amurka kuwa ta ƙi a 2019, saboda fargabar illarsa.

Don haka idan kun ji an ce sabon magani na daidaita bugun zuciya, tambayar ita ce: masu shan sa sun fi daɗewa a raye? Kuma don Allah, kada wani ya ji shirin nan ya je ya sayi kwinin. Mai jin bugu na rikicewa ya nufi asibiti.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.