Kaka a duwatsun Pirene: tabkin Gob, ruwan Gabarni da sanyin da ke yaudarar baƙo

In watan Oktoba ya kama, ƴan uwanmu da ke karatu ko aiki a kudancin Faransa sukan turo hotuna ta WhatsApp: tabki shuɗi garau, bayansa dutse mai farin kai, itatuwa sun yi jawur kamar an sa musu lalle. Mutanen gida su yi ta tambaya, wai nan ina ne? Da yawa daga cikin hotunan nan an ɗauke su ne a duwatsun Pirene, waɗanda suka raba Faransa da Sipaniya.

A shekarar 1967 gwamnatin Faransa ta keɓe wani yanki na duwatsun ta mai da shi gandun ƙasa, ya miƙe wajen kilomita 100 a bakin iyaka. A tsakiyar gandun ba a farauta, ba a hura wuta, ba a tsinkar fure, ba a shiga da kare. Mai son kwana cikin tanti sai ya yi tafiyar awa guda daga hanyar mota, ya kafa da ƙarfe 7 na yamma, ya naɗe kafin 9 na safe. Amma makiyaya suna nan da dabbobinsu, don sun riga gandun zuwa.

Kakarsu ba irin tamu ba ce. Mu kaka lokacin girbi ne da ɗaurin damma. Su kuwa, daga ƙarshen Satumba zuwa Disamba, lokaci ne da ganye ke zuba, yini ke raguwa, ana dosar hunturu mai dusar ƙanƙara. Masu yawon ƙafa suna son makonninta na farko saboda cunkoson Yuli da Agusta ya watse, sararin sama kuma yakan washe har a hango nesa.

Wurin da sabon zuwa ya fi sauƙin kaiwa shi ne tabkin Gob, wanda ake rubutawa Gaube a allunan hanya. Daga garin Lurd, inda jirgin ƙasa ke tsayawa, a shiga mota zuwa Kotare, daga nan a hau zuwa gadar da ake kira Pont d'Espagne, inda rafuka ke haɗuwa suna faɗowa kan dutse da ƙara, sai mutum ya ɗaga murya na kusa da shi ya ji. Daga gadar zuwa tabkin tafiyar kamar awa ɗaya ce, hawa ce cikin duwatsu da saiwoyin itace. Tabkin yana mita 1,725 sama da teku. A ƙarshen kwarin ga Binyamal nan tsaye, mai mita 3,298, wanda ya fi kowane tsayi a Pirene ta ɓangaren Faransa. Don a gane girmansa, dutsen da ya fi tsayi a Nijar, can Bagazam cikin Ayar, mita 2,022 ne.

Na biyu shi ne Gabarni, Gavarnie a rubuce, kuma a ganina in yini ɗaya kawai mutum yake da shi, nan ya kamata ya nufa. Ku ɗauka an kafa ƙatuwar ƙwarya ta dutse an fasa gefe ɗaya. Bangonta ya kai kusan mita 1,500 daga ƙasa zuwa sama, a hawa-hawa kamar matakala, ƙanƙara ce ta sassaƙe shi tun dubban shekaru. Daga can sama ruwa ke zubowa mita 422, yana cikin mafiya tsayi a Turai. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya a 1997. Daga ƙauyen zuwa bakin ƙwaryar awa ɗaya da ƴan mintoci ne a hanya mai faɗi, har da yara ana zuwa. Wanda ke son kaiwa gindin ruwan sai ya ƙara hawa cikin tsakuwa mai zamewa. Sai dai a sani, narkewar ƙanƙara ce ke ciyar da ruwan, don haka ya fi ƙarfi a Yuni. A Oktoba ya sirance, wanda ya je da hoton Yuni a ransa zai ce an cuce shi.

A saman bangon akwai wata kafa da ake kira Brèche de Roland, faɗinta mita 40, a tsayin sama da mita 2,800. Almara ta ce wani jarumi Rolan ne ya sare dutsen da takobinsa. Kyan gani gare ta, amma a kaka ba wurin sabon shiga ba ne.

Abin da zai fi jan hankalin mai kiwo shi ne, duk ƙarshen Yuli makiyayan kwarin Broto na Sipaniya suna tsallako iyaka da shanunsu zuwa makiyayar Osu, kusa da Gabarni, bisa wata tsohuwar yarjejeniya ta ɗaruruwan shekaru. In kaka ta yi, shanu da tumaki duk a gangaro da su. Garken tumaki kuwa yakan zo da wani babban farin kare mai suna patu, wanda ke tsare su. In kun gamu da shi kada ku ruga, kada ku ɗaga sanda, ku kewaye garken daga nesa.

To, ga inda haɗarin yake. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da digiri 6 zuwa 7. Mutum ya baro Lurd da riga ɗaya yana gumi, ya isa tabki iska ta kaɗa, rigar da ta jiƙe ta zama ƙanƙara a jikinsa. Irin wannan sanyi ba ya tsayawa a rawar ɗari kamar na hunturunmu. In ya shiga jiki sai magana ta fara sarƙewa, tafiya ta zama tangaɗi, barci ya rinjayi mutum, kuma yana kisa. Dusar ƙanƙara na iya sauka a manyan wurare tun Oktoba, ta rufe jan fenti da farin da aka shafa a duwatsu don nuna hanya. Dutsen da ke inuwa yakan wayi gari da santsin ƙanƙara wadda ido ba ya gani.

Sannan lokaci. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba Faransa ke mai da agogo baya da awa ɗaya, ya yi daidai da na Yamai. Daga ranar, kafin ƙarfe 6 rana ta faɗi, cikin kwari kuwa inuwa ta daɗe da rufewa. Saboda haka a yi sammako, a yanke sa'ar juyowa tun kafin a tashi, ko an kai ko ba a kai ba. A ɗauki takalmi mai kama ƙasa, rigar ruwa, rigar sanyi, hula, tocila da guzuri. A duba hasashen Météo-France na tsaunuka da safiyar ranar, a kuma gaya ma wani inda aka nufa. Lambar neman agaji 112 ce, jandarmomin dutse ko ƴan sanda ke zuwa, amma cikin kwaruruka da dama salula ba ta kamawa, kuma jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi cikin hazo.

Gidajen kwana na kan dutse, irin na Oulettes de Gaube da ke gaba da tabkin a mita 2,151, masu kula da su sukan sauka in kaka ta yi nisa, a bar ɗaki guda buɗe ba mai dafa abinci. A buga waya tukuna. In kuma an tarar da su an kawo miyar kabeji da suke kira garbur, a tambaya kafin a sa cokali, don galibi da naman alade ake yin ta.