Baƙon da Aka Gayyata da Takobi: Zabarmawa da Masarautar Dagomba



Duk wanda ya taɓa zuwa Yendi daga cikinmu, da wuya a ce bai ji an ambaci kabarin Babatu ba. Zuriyarsa na nan, suna nuna wa baƙi makwancinsa da ragowar kayan yaƙinsa da sarƙoƙi. Mu Hausawan Tamale mun taso muna jin sunan a bakin tsofaffi, wani ya ambace shi da yabo, wani ya rage murya. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne yadda mutumin da asalinsa ke bakin kogin Kwara, kusa da Yamai, ya zo ya kwanta a tsakiyar ƙasar Dagomba, bayan rundunar da ya gada ta taɓa ɗaga wa masarautar takobi.

Wajen shekarar 1860 wasu Zabarmawa suka iso wannan ƙasa da dawaki na sayarwa, suka sauka a Karaga. Jagoransu malami ne, Alfa Hano. Kalmar Alfa a bakinsu ita ce Afa da muke ji kullum a bakin Dagombawa, wato malam. Tare da shi akwai Gazari, akwai kuma Babatu, wanda a lokacin bai yi suna ba. Sun tarar da masarautar ɗauke da nauyi a wuyanta: tun ƙarni na goma sha takwas Asante ta ɗora wa Yendi harajin bayi, ana kai wa Kumasi. Wanda ake bi bashin mutane, dole ya nemo mutane. Sarakunan Dagomba suka ga baƙin nan mahaya ne, sun san mashi, sai suka ɗauke su cikin hare-haren da suke kaiwa ƙasar Gurunsi, inda babu babban sarki ɗaya, kowane gari da mai ƙasarsa.

Da Dagombawa suka juyo gida, Zabarmawa suka ƙi dawowa. Sun ga ƙasa mai yawan jama'a, garuruwanta na gaba da juna, kowane na neman wanda zai taya shi faɗa. Suka riƙa taya wannan a kan wancan, har suka fi ƙarfin masu kiran nasu, suka kafa sansani a Kasana, daga baya Sati. Yendi ba ta ji daɗi ba, domin gonar da take girba ce wani ya shiga. Aka tura runduna a ƙarƙashin Andani, sarkin Savelugu na lokacin, wanda daga baya ya zama Ya Na, don ya dawo da su bisa biyayya. Rundunar ta koma gida ba ta karya su ba. Tun daga nan baƙin Karaga suka zama masu ƙasar kansu.

Wannan labari yana da ɗan'uwa a Turai, kuma kamannin ya isa a tsaya a duba. A shekarar 1190, lokacin da 'yan Salibiyya suka kewaye birnin Akka a zamanin Salahuddin, wasu Jamusawa suka kafa ƙungiyar jinyar marasa lafiya, wadda cikin 'yan shekaru ta rikiɗe ta zama rundunar mayaƙan addini, ana kiran ta ƙungiyar Tuton. Mutanenta ba sa aure, sun yi alwashin biyayya ga shugabansu, aikinsu ibada da yaƙi. A 1226 wani basarake na ƙasar Folan mai suna Kwanrad ya gayyace su su tsare masa iyaka daga maguzawan Furushiya, ya yanka musu yanki. Suka cinye maguzawan, suka gina ganuwoyi, suka zauna. A 1308 suka ƙwace birnin Gidansk, suka kashe mutane da yawa a cikinsa, alhali mutanen birnin Kiristoci ne irinsu. Sauran hujjarsu ita ce maguzawan Lituweniya. Sai ga shi a 1386 sarkin Lituweniya, Yagaila, ya karɓi Kiristanci, ya auri sarauniyar Folan, ya zama sarkin ƙasar. Shugabannin ƙungiyar suka ce tubansa na baki ne, suka ci gaba da kai hari. Rigimar ta kai ga gwabzawar Gurunwal a ranar 15 ga Yuli, 1410, inda Folan da Lituweniya suka karya su, aka kashe shugaban ƙungiyar a fagen daga. Cikin waɗanda suka taya sarkin Folan a ranar har da mahayan Tatar, Musulmi.

Me ya sa suka ƙi yarda da tuban Lituweniya? Domin ranar da maguzanci ya ƙare, ranar ce dalilin zamansu ya ƙare, tare da gudummawar da ke zuwa musu daga sauran Turai. A nan ne muke ganin inuwar abin da ya faru a arewacinmu. Ana ruwaito cewa Alfa Hano mutum ne mai ibada, mai kallon aikinsa a matsayin jihadi, kuma ba mu da ikon shiga zuciyarsa. Amma bayan rasuwarsa, a hannun Gazari sannan Babatu, runduna ta kumbura, ta haɗa Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Mosawa da 'ya'yan Gurunsi da aka kama aka horar. Irin wannan runduna tana cin dawaki da albarushi, kuma kuɗin doki bawa ne. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya san ba a bautar da ɗa Musulmi. Ahmad Baba na Tumbutu ya yi littafi guda a kan mas'alar tun farkon ƙarni na goma sha bakwai. To garin da ya musulunta ya fita daga kasuwa ke nan. Rundunar da abincinta ke cikin kasuwar nan, ina za ta samu zafin kiran mutane zuwa ga shahada?

Wa ta ba da amsa. Gari ne na limamai da tsofaffin gidajen karatu, masu isnadin da ya koma ga malaman Wangarawa. Wajen 1887 Babatu ya karya rundunar Wa a Nasa, mutanen gari suka watse. Babu mai cewa ya je musuluntar da su ne. Bafaranshen nan Binger, da ya ratsa ƙasar Gurunsi a 1888, kufai ya yi ta tararwa a hanya.

A nan sai mun faɗi abin da ba ya da daɗin faɗa. Mutanen da aka kama ba iska ta kwashe su ba. Ayari ne ya kora su kudu, zuwa Salaga da sauran kasuwanni, kuma a zangunan nan kakanninmu na cikin masu masauki da dillalai da madugai. Goron Gwanja da muke alfahari da fataucinsa, a kasuwa ɗaya aka auna shi da 'ya'yan mutane. Jikokin waɗanda suka tsira su ne Sisala da Kasena da Bulsa da muke haɗa sahu da su a masallaci, muke cin kasuwar Aboabo tare, wasunmu ma suna surukuta da su.

Ƙarshen rundunonin biyu daga ciki ya taso. A 1454 biranen da ke ƙarƙashin ƙungiyar Tuton suka gaji da harajinta, suka yi tawaye, suka kira sarkin Folan. Aka shekara goma sha uku ana yaƙi. A tsakiyarsa, a 1457, sojojin hayar da ƙungiyar ta kasa biya suka sayar wa sarkin da babbar ganuwarta ta Malbok, kuma sulhun 1466 ya bar ta a ƙarƙashin inuwarsa. Shi kuwa Babatu, wanda ya juya masa baya yaron gidansa ne, Amariya, da aka kamo tun yana ƙarami ya girma ya zama jarumin runduna. Ya ja 'yan uwansa Gurunsawa, ya haɗa kai da Faransawa, suka karya Babatu a Gandiyogo a watan Maris na 1897. Bulsa ma suna da nasu labarin nasara a kansa, wanda suke tunawa da shi a bikin Feok na Sandema duk ƙarshen shekara, da rawar yaƙi da hulunan ƙaho.

Da ƙasa ta yi masa ƙunci, sai ya nufo inda aka faro. Yendin da ya tarar ba ta dā ba ce: a watan Disamba na 1896 Jamusawa sun karya mayaƙan Ya Na Andani a Adibo, sun ƙone garin. Nan aka ba shi wuri ya gina gida, nan ya rasu a 1907, shekarar da Ingilishi suka mayar da hedkwatarsu Tamale.

Mafi cikar labarin Zabarmawa da ya rage da Hausa aka rubuta shi, cikin ajami. Malam Abu ne ya rubuta wajen 1914, wani likitan Ingilishi da ke aiki a Wa ya karɓa, takardun suka ƙare a Landan. Wanda ya zauna ya warware rubutun, ya fassara, ya buga shi a 1992, malamin Hausa ne na jami'ar Warso, Stanislaw Pilaszewicz, ɗan ƙasar Folan.