Malama Ellen Langer da Tarihin Binciken Gafala a Wurin Aiki

Tun sa'ad da masana'antu suka bunƙasa a Amurka, har ya zamana ma'aikaci ba ya ganin farkon abin da yake ƙerawa balle ƙarshensa, masu dukiya suka shiga neman malaman da za su bayyana musu abin da ke sa hannun lebura sauri da abin da ke sanyaya shi. Frederick Taylor, injiniyan da ya wallafa littafinsa a 1911, da agogo ya shiga cikin leburori yana ƙidaya motsinsu ɗaya bayan ɗaya. Daga 1924 zuwa 1932 kuma aka yi shahararren binciken nan na masana'antar Hawthorne kusa da Chicago, wanda Elton Mayo na Jami'ar Harvard ya yi masa sharhi da cewa kulawar da aka nuna wa ma'aikata ta fi hasken fitila tasiri a kan ƙwazonsu. Sai dai duk wannan bahasi, komai zurfinsa, maslahar maigida ce alƙiblarsa, ba a cika damuwa da halin da zuciyar ma'aikaci take ciki ba sai gwargwadon abin da zai ƙara wa kamfani.

Malama Ellen Langer, wadda aka haifa a unguwar Bronx ta birnin New York a 1947, ta wata ƙofa daban ta shigo wannan mas'ala. A Jami'ar Yale ta sami digirinta na dakta a 1974, ta koma Harvard a 1977, a 1981 kuwa ta zama mace ta farko da aka tabbatar wa kujerar dindindin a sashen ilmin halayyar ɗan Adam na wannan jami'a. Abin da ya tsaya mata a rai tun farko shi ne gafala, wato yadda mutum mai cikakken hankali yake gudanar da mafi yawan al'amuransa bisa sabo, jikinsa na aiki alhali tunaninsa ya yi nisa.

Hujjar da ta kafa a 1978, ita da abokan aikinta biyu, ta isa a tsaya a kanta, domin kuwa ba ta buƙaci komai ba sai injin kwafin takardu a wani ɗakin karatu da layin mutane masu jira. Aka riƙa tura wani ya roƙi a bar shi ya wuce gaba da shafi biyar. Idan bai kawo wani uzuri ba, 60 cikin ɗari suka yarda. Idan ya ce sauri yake yi, 94 cikin ɗari suka yarda. Amma abin mamaki, da ya ce a bar shi saboda kwafi zai yi, wanda ba uzuri ba ne ko kaɗan tunda kowa a layin abin da ya kawo shi ke nan, sai 93 cikin ɗari suka matsa masa. Kunne ya ji siffar dalili, hankali bai tsaya ya auna ma'anarsa ba. Da aka mayar da shafukan ashirin kuwa, sai mutane suka farka, uzurin banza ya daina ci. Wanda duk ya taɓa ganin akawu ya buga hatimi a takardar da bai karanta ba, don kawai ta zo da kan wasiƙa irin na hukuma, ya san wannan hali ba na Amurkawa kaɗai ba ne.

Amma a ganina aikinta mafi nauyi shi ne wanda ta yi da Judith Rodin a wani gidan kula da tsofaffi a jihar Connecticut, aka buga shi a 1976. Aka raba tsofaffin kashi biyu: kashi ɗaya aka ce musu su zaɓi daren da za su kalli majigi da yadda za a shirya ɗakunansu, aka kuma ba kowannensu shuka a tukunya ya riƙa ba ta ruwa da kansa; ɗaya kashin kuwa aka tabbatar musu ma'aikata za su ɗauke musu kowace ɗawainiya, har da ban ruwan shukar. Cikin makonni kaɗan waɗanda aka ɗora wa nauyi suka fi walwala da kuzari, bayan wata 18 kuma mutuwa a cikinsu ta kasance kusan rabin ta ɗaya kashin. Adadin mutanen bai kai ɗari ba, kuma gyaran lissafin da aka buga daga baya ya rage wa hujjar mutuwar ƙarfi, saboda haka bai kamata a ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Amma ma'anar da Malama Langer ta ciro, cewa zaɓi da ɗaukar nauyi suna farkar da zuciya, ita ce ginshiƙin littafinta Mindfulness, wato hallarar hankali, na 1989, inda ta keɓe babi guda ga wurin aiki.

A nan ya wajaba a rarrabe tafarki biyu na hallarar hankali da aka saba cakuɗawa. Jon Kabat-Zinn, wanda ya buɗe asibitinsa na rage damuwa a Jami'ar Massachusetts a 1979, daga tarbiyyar mabiya Buddha ya ɗauko hanyarsa, mako takwas na zama shiru da lura da numfashi. Malama Langer kuwa ba ta shardanta zama ko rufe ido ba. Abin da take nufi da hallarar hankali shi ne mutum ya riƙa lura da sabon abu a cikin abin da ya saba, kada ya ɗauki ƙa'idar jiya a matsayin nassin da ba ya karɓar tawili.

A 2007, ita da ɗalibarta Alia Crum, suka gwada mata 84 masu gyaran ɗakuna a otal bakwai. Aka sanar da wasunsu cewa sharar da shimfiɗar da suke yi kullum sun cika ma'aunin motsa jikin da likitoci ke umarni da shi, aka bar sauran ba a gaya musu ba. Bayan mako huɗu, ba tare da aikinsu ya sauya ba, sai aka tarar nauyin jiki da hawan jinin waɗanda aka sanar sun ɗan ragu. Malamai sun yi ta jayayya a kan sababin haka, kuma da haƙƙinsu, tunda mai yiwuwa ne wadda ta ji wannan bushara ta gyara cinta ba ta faɗa ba.

Da kamfanoni suka tashi saye, tafarkin zama shiru suka saya, domin ya fi araha kuma ba ya taɓa ikon kowa. Google ya fara koya wa ma'aikatansa irin wannan darasi a 2007 ta hannun injiniya Chade-Meng Tan, wasu manyan kamfanoni suka bi sahu, har Ronald Purser ya rubuta littafi a 2019 yana zargin cewa an mayar da abin hanyar lallashin ma'aikaci ya haƙura da zaluncin da ya kamata a kawar. A 2024 William Fleming na Jami'ar Oxford ya duba bayanan ma'aikata fiye da 46,000 a Birtaniya, ya tarar waɗanda suka shiga darussan natsuwa da na juriya ba su fi waɗanda ba su shiga ba jin daɗin aiki. Abin da kawai ya nuna alamar amfani shi ne damar yin aikin sa-kai da taimakon jama'a. Shawarar da ya bayar ita ce a koma ga tsarin aikin kansa, wato yawan lodin da ake ɗora wa mutum, da lokutan shiga da tashi, da albashi, da irin mu'amalar shugabanni da na ƙasa da su.