Cats: Wasan da Ya Yi Fice a Dandamali, Ya Faɗi a Sinima

Cats wasan waƙa da rawa ne da Andrew Lloyd Webber ya tsara daga waƙoƙin da T. S. Eliot ya rubuta kan kyanwoyi, ya buga a 1939. An fara nuna shi a Landan a 1981, ya shekara 21 ana kallonsa a can, ya kuma shekara 18 a Broadway ta Amurka. Ranar 20 ga Disamba 2019 kamfanin Universal ya fitar da fim ɗinsa, wanda Tom Hooper ya ba da umarni, da taurari irin su Judi Dench da Idris Elba da Taylor Swift. An kashe masa kusan dala miliyan 95, ya samo kusan miliyan 75, alhali gidajen sinima ma suna da kasonsu a ciki. Ya kuma kwashi lambobin Razzie shida, waɗanda ake bai wa finafinan da suka fi muni.

Wasu suna ɗora laifin a kan gaggawa. Hooper da kansa ya ce dab da bikin nunawa ya kammala aikin, har aka ga hannun Dench na mutum, da zobenta, a jikin kyanwa. Amma Universal ya aika wa sinimomi gyararren kwafi bayan fim ya riga ya fita, kuma kasuwa ba ta farfaɗo ba. Wasu kuma sun ce fitowa rana ɗaya da wani sabon fim na Star Wars ce ta kashe shi, sai dai tun a Yuli, da aka saki tallarsa, jama'a suka fara ƙyamar siffofin kyanwoyin. A ganina matsalar tana can tushe. Mai kallon dandamali ya san mutum ne ya yi shigar kyanwa, ya amince da hakan tun daga bakin ƙofa, rawar da ake yi a gabansa ita ta kawo shi. Kyamara kuwa tana matsowa har fuska. Da kwamfuta ta dasa gashi a jikin mutum, sai aka sami wata halitta, ita ba mutum ba, ita ba kyanwa ba, ga kuma labari ɗan ƙanƙane wanda bai isa ya ɗauke hankali daga kanta ba. Shi dai Hooper ɗin ne ya yi Les Misérables a 2012 ya ci riba mai yawa, domin a can akwai labari mai nauyi da fuskokin mutane. Ko an ƙara wa Cats shekara guda ta gyara, wannan cikas ɗin ba zai kau ba.